Rouse Simmons: Jirgin da Tsufa da Bashi Suka Kashe Tun Kafin Guguwa ta Taso

Ranar 30 ga Oktoba 1971, wani mai nutso daga birnin Milwaukee mai suna Kent Bellrichard ya shiga Tafkin Mishigan a Amurka yana neman wani jirgi mai injin tururi, Vernon, wanda ya nutse tun 1887. Masuntan garin Two Rivers sun daɗe suna kuka da wani wuri da ke maƙale musu raga, can ya nufa. Na'urarsa ta nuna akwai wani ƙaton abu a ƙasa, ya sauka zurfin kusan mita 50. Fitilarsa ta ba shi matsala, sai ya koma lalube da hannu cikin duhu da ruwa mai sanyin ƙanƙara. Abin da hannunsa ya taɓa ya gaya masa wannan ba jirgin inji ba ne, jirgin katako ne irin na da, mai tafiya da iska. Da aka dawo da haske mai kyau, aka karanta sunan da ke jikinsa: Rouse Simmons. A cikin rumbunsa kuwa, ga bishiyoyi nan jibge kamar yadda aka shirya su a 1912, shekara 59 kafin nan.

Amurkawa sun san wannan jirgi da laƙabin Jirgin Bishiyoyin Kirsimeti, kuma labarinsa ya zama kamar tatsuniya a bakinsu: kyaftin mai kirki, yara na jiransa a bakin gada a Shikago, guguwa ta zo ta haɗiye shi. Duk wannan ya faru. Amma duk lokacin da na koma kan labarin, guguwar ce ke ƙara ƙanƙancewa a idona, wasu abubuwan na girma. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Rouse Simmons ya fara tsagewa shekaru da dama kafin ranar da ya nutse, kuma tsagewar ce ta cancanci a zauna a kanta.

Kalmar tafki na iya yaudarar mai karatu, don haka gara a fara gyara wannan. Tafkin Mishigan, ɗaya daga cikin manyan tafkuna biyar na arewacin Amurka da Kanada, tsawonsa ya kai kilomita 494, faɗinsa kusan 190 a inda ya fi buɗewa, zurfinsa mita 281 a inda ya fi nisa. Girmansa ya kusan ninka jihar Kano sau uku. Wanda ke tsakiyarsa ba ya hango tudu ta kowace fuska. Teku ne a komai, sai dai ruwansa ba gishiri. A ƙarni na 19, kafin layin dogo ya game ko'ina, waɗannan tafkuna su ne babbar hanyar da alkama, masara, gawayin kwal, tama da katako ke bi tsakanin gabashin Amurka da tsakiyarta.

Jirgin da ya ɗauki nauyin wannan fatauci shi ne samfurin da ake kira sikuna. Abin da ya bambanta shi da manyan jiragen teku shi ne yadda ake ɗaura filafilansa, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgin. Na teku yawanci ana rataye su a gicciye, kuma sai matuƙa da yawa sun hau can sama kafin a buɗe su ko a naɗe. Na sikuna kuwa suna bin tsawon jirgin ne, daga gaba zuwa baya, ana jan su da igiya daga ƙasa. Mutum shida ko bakwai sun isa su tafi da jirgi mai jigo uku, wato dogayen turakun da ake ɗaura filafilan a kai. Irin wannan ɗauri yana ba jirgi damar kutsawa ko da iska na busowa daga kusan gabansa, ya kuma juya da sauri, abin da ake matuƙar buƙata a ruwan da tudu ke kewaye da shi. Sannan tashoshin tafkin bakin koguna ne marasa zurfi, masu yashi. Maƙera suka yi wa jiragen gindi shimfiɗaɗɗe, suka huda tsakiya suka sa wani ƙaton allo da ake zurawa ƙasa idan an fita fili domin ya hana iska tura jirgin a karkace, a janye shi sama idan za a shiga tasha. Dabara ce mai sauƙi, amma da ita aka yi arzikin birane. A wajajen 1870, jiragen iska da ke yawo a tafkunan nan sun doshi dubu biyu.

A tsakiyar wannan kakar aka ƙera Rouse Simmons, a Milwaukee, a 1868, a hannun kamfanin Allan, McClelland. An sa masa sunan wani ɗan kasuwa na garin Kenosha, ɗan'uwan Zalmon Simmons wanda kamfanin katifunsa ya yi suna daga baya. Tsawonsa kusan mita 38, faɗinsa mita 8 da ɗoriya, jigo uku. Ba shi da wani abin a zo a gani. Jirgin aiki ne, kamar ɗaruruwan 'yan'uwansa.

Aikin kuwa katako ne. Jihar Mishigan a lokacin tana lulluɓe da dazuzzukan wani itace dogo miƙaƙƙe mai taushin sassaƙa, dangin fayin, wanda babu kamarsa wajen gini. A lokacin sanyi ake sarewa, a ja gungumen a kan dusar ƙanƙara zuwa bakin kogi, idan ƙanƙara ta narke ruwa ya kwaso su zuwa injinan tsaga da ke bakin tafki. Garin Muskegon kaɗai ya tara irin waɗannan injina sama da 40 a shekarun 1880. Daga can sikuna ke ɗauka, ya tsallaka tafkin zuwa Shikago, wadda ta zama kasuwar katako mafi girma a duniya a zamanin. Mutanen da ke kafa garuruwa a filayen yamma, inda ciyawa ce zalla babu itace, da wannan katako suka yi gidaje da rumbuna da shinge. Sai kuma gobarar Oktoba 1871 ta cinye gine-gine sama da 17,000 a Shikago, ta bar mutum kusan 100,000 ba matsuguni. Birni guda ya tashi neman katako a lokaci ɗaya.

Charles Hackley, ɗaya daga cikin manyan attajiran katako na Muskegon, shi ya mallaki Rouse Simmons tsawon kimanin shekara 20 a wannan zamani. Jirgin ya yi ta kai da kawowa, a cika rumbunsa, a jibga wani katakon a samansa har ya fi tsayin mutum, ya je ya sauke ya dawo. Hackley ya tara dukiya, ya gina wa garinsa ɗakin karatu da asibiti waɗanda sunansa ya bi. Zuwa shekarun 1890 dajin ya ƙare. An sare shi kamar ba gobe, aka bar kututture da ƙaiƙayi masu kama wuta. Injinan Muskegon suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu kuɗi suka sayar da jiragensu suka juya ga wata harka.

A nan ne labarin ya fara ba ni tausayi, domin jirgin katako a ruwan daɗi ba ya tsufa da kyau. Gishirin teku na rage saurin ruɓewar itace. Ruwan tafki ba shi da wannan kariya, har ma maƙera kan zuba gishiri a tsakanin haƙarƙarin jirgi don su ja masa kwana. Duk da haka, jirgin da ya yi shekara 15 zuwa 20 an fara lissafa shi cikin tsofaffi. Jikinsa alluna ne da aka jera, tsakanin kowane biyu akwai tsaga. Mai toshiya yakan zauna da guduma ta katako da wani ƙarfe mai faɗin baki, ya ɗauko zaren tsohuwar igiya da aka warware aka jiƙa da kwalta, ya riƙa cusa shi cikin tsagar yana bugawa, taƙi bayan taƙi, tun daga goshin jirgi har wutsiya, sannan a narka ƙaro a bi kai. Idan jirgi ya yi tafiya cikin raƙuman ruwa yakan lanƙwasa ya miƙe, zaren ya riƙa sassautawa. Lokacin hunturu kuma tashoshin tafkin na daskarewa, jirage su kwana wata huɗu a ɗaure, ƙanƙara na matsa su. Don haka toshiya ba aikin sau ɗaya ba ne, kusan kowace shekara sai an sake bi. Kuɗi ne ake zubawa kullum. Ranar da kuɗin ya yanke, ruwa zai fara shiga, matuƙa su koma kan famfo dare da rana.

Kuma daidai lokacin da jiragen ke tsufa, abincinsu ke ƙwacewa. Injin tururi ba ya jiran iska. Ɗan kasuwa na iya sanin ranar da kayansa za su iso. Da farko masu injin sun riƙa sayen tsofaffin sikuna, su gutsure musu jiguna, su ɗaura biyu ko uku a bayan jirgin inji ɗaya yana ja kamar ayarin raƙuma. Daga baya jiragen ƙarfe suka shigo. A 1906 an riga an fara ƙera masu tsawon mita 180 a tafkunan, masu ɗaukar tan dubu goma a tafiya ɗaya, alhali sikuna irin Rouse Simmons 'yan ɗaruruwa yake ɗauka. Layin dogo ma ya zagaye tafkin, yana aiki rani da hunturu.

Akwai kuma wani tsani da kamfanonin inshora suka kafa, wanda ba a cika ambata ba amma shi ke yanke wa jirgi hukunci. Masu duba jirage kan ba kowanne daraja gwargwadon lafiyar katakonsa. Mai daraja ta sama shi ake ba hatsi, don hatsi ba ya son ɗigon ruwa, kuma shi ya fi kuɗin dako. Idan daraja ta sauka, sai katako, wanda ko ya jiƙe ba komai. Idan ta ƙara sauka, sai itacen girki, ɓawon itace na majema, turakun shinge, duwatsu, dankali. A ƙarshe babu mai yarda ya yi wa jirgin inshora da kuɗi mai sauƙi. A wannan mataki ake sayar da shi da arha ga ƙananan mutane, galibi kyaftin da kansa da wasu abokai su haɗa kuɗi, kowa da kasonsa. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar mota mai bodin katako da ta bar babban titi ta koma jigilar kasuwannin ƙauye, a hannun direban da ba shi da kuɗin sabuwar taya, ya san irin wannan ƙarshen. Wanda ya fi kowa rashin ƙarfin gyara shi ke gadon abin da ya fi kowane buƙatar gyara.

Herman Schuenemann irin wannan mutum ne. An haife shi a 1865 a wani ƙaramin gari na bakin tafki a jihar Wiskonsin, wanda a lokacin ake kira Ahnapee, yau Algoma. Iyayensa baƙi ne daga Jamus. Jamusawa su ne suka kai al'adar kafa koren itace a ɗaki lokacin Kirsimeti zuwa Amurka, kuma Shikago na cike da su. Kowace shekara, idan kakar jigila ta zo ƙarshe, wasu masu tsofaffin jirage kan yi tafiya ɗaya ta ƙarshe zuwa arewa, su saro ƙananan bishiyoyi masu ganye kamar allura waɗanda suka tsiro a inda aka share daji, su kawo birni. Herman da yayansa August suna cikin masu wannan sana'a. A Nuwamba 1898, August ya taso da lodin bishiyoyi a wani tsohon jirgi mai suna S. Thal, guguwa ta farfasa shi kusa da Glencoe, arewa da Shikago kaɗan, babu wanda ya tsira. Herman bai shiga wannan tafiya ba. A shekarar ce matarsa Barbara ta haifi tagwaye mata, Hazel da Pearl, bayan babbar 'yarsu Elsie. Ya yi makokin yayansa, ya ci gaba da sana'ar.

Dabararsa ta kasuwa mai kyau ce. Maimakon ya sayar wa dillalai, sai ya ɗaure jirginsa a gadar titin Clark, a cikin kogin da ya ratsa Shikago, ya mai da jirgin kanti. A rataya ƙwayayen lantarki a igiyoyi, a ɗaura bishiya ɗaya a can ƙololuwar jigo, Barbara da 'yan matan suna saƙa kambun ganye. Bishiya daga rabin dala zuwa dala ɗaya. Iyalan da ba su da hali, da wasu majami'u, yakan ba su kyauta, har jaridu suka laƙaba masa Kyaftin Santa, da sunan dattijon tatsuniya mai raba wa yara kyautar Kirsimeti. Ba na shakkar kirkinsa. Amma takardun kotu sun nuna wata fuskar: a Janairu 1907 ya shigar da takardar karayar arziki, bashin da ke kansa ya haura dala 1,300. Ya gwada wasu sana'o'in a tudu, har da gidan giya, ba su riƙe shi ba. A 1910 ya sayi kashi ɗaya cikin takwas na Rouse Simmons, jirgin da a lokacin ya shekara 42. Wani abokin aikinsa, Kyaftin Charles Nelson, shi ma ya riƙe kaso, mafi yawa kuwa na hannun wani ɗan kasuwa na tsibirin Beaver, Mannes Bonner.

Sana'ar bishiyar Kirsimeti na da wani mugun sharaɗi. Kaya ne da ke da daraja na 'yan makonni kawai. Ka kawo da wuri, ganyen ya bushe ya zube. Ka makara, ranar 26 ga Disamba ko kyauta ba mai karɓa. Dole a yi tafiyar a ƙarshen Nuwamba, watan da duk matuƙin tafki ke tsoro. Dalilin tsoron a fili yake. A lokacin ruwan tafkin bai gama sakin ɗumin bazara ba, iska mai tsananin sanyi kuma ta fara gangarowa daga Kanada. Haɗuwar biyun na ƙara wa guguwa ƙarfi. Tafkin Mishigan a miƙe yake daga arewa zuwa kudu, saboda haka iskar arewa na samun fili na ɗaruruwan kilomita tana tara ruwa. Raƙuman tafki ba irin na teku ba ne masu tsawo da jirgi ke hawa ya sauka a hankali. Gajeru ne, a tsaye, suna zuwa a jere kusa da kusa, kafin jirgi ya farfaɗo daga dukan ɗaya na biyu ya iso. Babu kuma filin gudu, ko ta ina tudu na jira. Shekara ɗaya kacal bayan abin da muke magana, guguwar Nuwamba 1913 ta kashe matuƙa sama da 250 a tafkunan, ta nutsar har da sabbin jiragen ƙarfe. A Nuwamba 1975 ma jirgin ƙarfe Edmund Fitzgerald, mai tsawon sama da mita 220, ya tafi da mutum 29 a Tafkin Superior. Abin da ya ci waɗannan, ina ga ɗan shekara 44 na katako.

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 1912, Rouse Simmons ya bar Thompson, kusa da Manistique a arewacin Mishigan, da bishiyoyi kimanin 5,000. Rumbu ya cika, an jibga sauran a sama, har masu kallo suka ce kamar daji ne ke tafiya a kan ruwa. An ruwaito cewa ba a sake yi wa jirgin toshiya ba a wannan shekara. Ba a bar cikakken jerin sunayen waɗanda ke ciki ba. Mafi yawan rahotanni na cewa 16 ko 17, cikinsu har da masu saran itace da suka nemi a rage musu hanya zuwa Shikago. Tafiyar kusan kilomita 480 ce. Jirgin ba shi da inji, ba shi da rediyo. Hukumar yanayi kan ɗaga tutocin gargaɗi a tashoshi, amma da zarar an fita, kyaftin ba shi da komai sai ma'aunin iska da idonsa.

Mutane kan tambaya, mutumin da ya rasa yayansa a irin wannan tafiya, me ya kai shi? Amsar na cikin lissafi. Ya riga ya biya masu sara, ya biya lodi, kuɗin shekara guda na ɗaure a cikin itacen da ke bushewa. Idan ya jira kwana uku ko huɗu, tashar na iya daskarewa, jirgi da kaya su maƙale har bazara. Gaba kura, baya siyaki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ba ina wanke shi ba ne, domin ba ransa kaɗai ya ɗauka ba, akwai na wasu goma sha wani abu a hannunsa. Amma kiran abin ganganci kawai ya yi sauƙi da yawa ga wanda bai taɓa cin bashi don ya yi sana'a ba.

Lodin da kansa ma abokin gaba ne. Katako a saman jirgi dunƙule yake, ruwa na bi ta kansa ya wuce. Bishiya mai ganye kuwa kamar soso take. Kowane feshin ruwa da ya faɗo cikin dubban rassan nan yana maƙalewa, idan sanyi ya kai ya daskare a wurin. Cikin 'yan sa'o'i, kayan da suka taso marasa nauyi sun zama tudun ƙanƙara, kuma nauyin yana sama, inda jirgi ya fi ƙinsa. Igiyoyi su yi tauri kamar sanda, filafilai su ƙi naɗuwa, ƙasa ta yi santsi. A ƙasa kuma ruwa na kutsowa ta tsagogi. Jirgin na ƙara nutsewa, kowane raƙumin ruwa na samun sauƙin hawa kansa.

Ranar Asabar 23 ga wata, da ƙarfe 2:50 na rana, mai gadi a tashar ceto ta Kewaunee, a gaɓar Wiskonsin, ya hango wani jirgi mai jigo uku can nesa da gaɓa, ya nufi kudu, tutarsa a rabin sanda, alamar neman agaji. Shugaban tashar, Nelson Craite, ba shi da jirgin da zai iya cimma shi a wannan yanayi, sai ya buga waya zuwa tasha ta gaba a Two Rivers. Shugabanta George Sogge ya fita da jirgin ceto mai inji, Tuscarora. Suka zaga, suka duba, dare ya yi, dusar ƙanƙara ta sauko, ba su ga komai ba. A wannan shekarar ce Titanic ya nutse, duniya ta yi ta magana. Wannan kuwa sai da kwanaki suka shuɗe iyalai na tsaye a bakin kogin Shikago kafin a yarda ya tafi.

Daga nan tatsuniya ta karɓi ragama. Aka ce ɓeraye sun gudu daga jirgin kafin ya tashi. Aka ce an tsinci wasiƙar bankwana a kwalba, wadda da yawa suka ɗauka ƙirƙira ce. Aka ce masu ceto sun hango shi a cikin guguwa yana lulluɓe da ƙanƙara sannan ya ɓace. Abin da ya tabbata ya fi waɗannan taɓa zuciya. Shekara da shekaru masunta na jawo rassan bishiyoyi a ragarsu. A 1924 raga ta fito da walat ɗin Schuenemann, naɗe cikin ƙyalle mai hana ruwa shiga, takardun ciki ana iya karanta su bayan shekara 12 a ƙasan tafki. Aka mai da wa iyalinsa.

Sai a 2006 masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa daga ƙungiyar tarihi ta jihar Wiskonsin suka auna gawar jirgin dalla-dalla. Abin da suka gani ya gyara labarin. Goshin jirgin na fuskantar arewa maso yamma, ba kudu inda ya nufa ba, kuma akwai alamun matuƙan na shirin sakin anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasa ya tsayar da jirgi. Ma'ana, mutanen ba su zauna jiran mutuwa ba. Sun ga jirgin ba zai kai ba, suka juya shi ya fuskanci iska, suna son su tsaya su riƙe har agaji ya zo. Jiguna da sarƙar anka sun zube ta gaba, goshin kuma ya daki ƙasa da ƙarfi: da ka ya tafi, kuma da sauri. Da aka haɗa wannan da littattafan tashoshin ceto, masu binciken suka karkata ga cewa ya riga ya nutse tun kafin Tuscarora ya iso wurin, tun kafin dusar ta rufe ido. Sitiyarinsa kuma, wanda ragar masunta ta fito da shi a 1999 daga wani wuri mai ɗan nisa da jirgin, ya sa wasu na ganin ya rasa abin juya shi tun yana sama. Ko ma yaya ne, jirgi mai lafiyar katako da madaidaicin lodi yana da damar fita daga irin wannan yini. Wannan bai da ita.

Ruwan da ya ruɓar da shi yana raye, shi ya adana shi bayan ya mutu. A teku akwai tsutsar da ke cinye katako cikin 'yan shekaru. A ruwan daɗi mai sanyi da duhu babu ita. Shi ya sa ƙasan manyan tafkunan ke cike da jiragen ƙarni na 19 a zaune daram, wasu har da jigunansu a tsaye. Bayan gano Rouse Simmons, masu nutso sun kwashi abubuwa da dama, domin a lokacin babu dokar da ta hana. Ankarsa na ƙofar wani kulob na masu jiragen ruwa a Milwaukee, sitiyarin na gidan tarihin masunta a Two Rivers. Dokar tarayya ta 1987 ta mai da irin waɗannan jirage mallakar jihohi, a 2007 aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, a 2021 kuma yankin da yake kwance ya shiga cikin wani keɓantaccen wurin kariya na ruwa a gaɓar Wiskonsin. Sai dai doka ba ta da iko a kan wasu ƙananan halittu masu ɓawo irin na makankari, waɗanda suka shigo tafkunan a ƙarshen shekarun 1980 cikin ruwan da jiragen teku ke ɗebowa daga Turai. Sun tace ruwan ya yi garau, mai nutso na gani nesa fiye da zamanin Bellrichard, amma sun lulluɓe kowane allo, suna ɓoye aikin maƙera suna kuma ƙara masa nauyi.

Zamanin sikuna bai daɗe ba bayan 1912. Ɗaya daga cikin na ƙarshe da ke dako a Tafkin Mishigan, Our Son, ya nutse a 1930, wani jirgin ƙarfe mai inji ya kwashe matuƙansa da rai. Tun daga shekarar 2000, jirgin dogarawan ruwa na Amurka mai suna Mackinaw kan kai bishiyoyi Shikago duk farkon Disamba a raba wa iyalai marasa hali, don tunawa da Schuenemann. Abu ne mai kyau, kuma jirgin ƙarfe ne mai fasa ƙanƙara, babu ran da ke cikin haɗari.

Ni dai Barbara ce ke tsaya mini a rai. Makonni kaɗan bayan ɓatan mijinta, ita da Elsie suka tsaya a bakin kogin suna sayar da bishiyoyi, domin bashi bai nutse tare da jirgin ba. Ta ci gaba da sana'ar kusan shekara 20, tana zuwa arewa da kanta ta tsaya a kan sara. Da tafiya ta yi tafiya, bishiyoyin suka koma zuwa ta jirgin ƙasa, a sauke su a jera a kan wani tsohon jirgin ruwa da ke ɗaure a gada, saboda masu saye sun saba hawa jirgi su zaɓa. Ta rasu a 1933. A maƙabartar Acacia Park da ke wajen Shikago, dutsen kabarinta na ɗauke da sunanta da na Herman, wanda ba a taɓa samun gawarsa ba, da zanen bishiya ɗaya a tsakaninsu.